Jinjina Ga Gimbiyar Motomachi

Allah ya ja zamanin gimbiya, ɗiyar masana'antar Motomachi, jikar Corolla, ƙanwar Hilux, mai tafiyar ƙasaita, wadda ba a tashinta sai ta ƙoshi, ba ta kuma ƙoshi sai ta ga dama. Toyota bZ4X ke nan, ƙaramar jif mai aiki da lantarki zalla, wadda ta fito a 2022 daga gidan da ya fi kowane gida sayar da motoci a duniya. Masu ita a Amurka da Turai sun yi ta faɗin ra'ayinsu kan nisan da take ci, da yadda take shan caji, da abin da take komawa in an kai ta kasuwa. Mahassada sun tsinci abin da suka tsinta a cikin maganganun nan, sun yaɗa. Ni kuwa da na tattara su na auna, ban ga komai ba sai martaba a kan martaba, kuma zalunci ne a bar irin wannan baiwar Allah ba a yi mata kirari ba.

A fara da asali, don ba a yabon 'ya a tsallake gidansu. Tun 1997 kamfanin Toyota ya fitar da Prius, mota mai haɗa fetur da batir, lokacin da akasarin kamfanoni ke kallon abin a matsayin wasan yara. Shekara 25 gidan nan yana sarrafa batir da injin lantarki, yana tara ilimin da babu mai irinsa. Da gidan masu rawar kai ne, da sun yi amfani da ilimin nan sun riga kowa. Gidan sarauta kuwa ya harɗe ya zauna. Nissan ta fitar da Leaf a 2010, aka yi mata murmushi. Tesla ta kawo Model Y a 2020, Volkswagen ta kawo ID.4, Hyundai ta biyo da Ioniq 5 a 2021, duk ana kallonsu daga kan karaga. Shugaban kamfanin na wancan lokaci, Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa shi, bai taɓa ɓoye shakkarsa kan wannan rige-rige ba. Babba shi ke isowa taro a ƙarshe. Da gimbiya ta tashi isowa kuwa, bayan ta ga kuskuren kowa, ba ta ari na kowa ba. Nata ta zo da su, sababbi fil, na gida.

Wata biyu ba su cika da fara sayar da ita ba, a watan Yunin 2022, kamfanin ya yi shelar a dawo da kimanin 2,700 da aka riga aka ƙera, tare da 'yar'uwarta ta jini Subaru Solterra wadda suke fitowa daga masana'anta ɗaya. Dalili kuwa shi ne kusoshin da ke riƙe da taya suna iya kwancewa idan aka sha kwana da ƙarfi ko aka taka birki farat ɗaya, har tayar ta rabu da mota ta kama gabanta. Jama'a, a tsaya a yi wa wannan al'amari kallon adalci. Ɗaure taya a jikin mota abu ne da bakaniken bakin titi ya gama da shi tun zamanin kakanni, kowa yana yi, babu wani abin alfahari a ciki. Sai gida mai zurfin tunani ne zai sake buɗe tambayar da duniya ta ɗauka an rufe: shin dole ne taya ta bi mota duk inda za ta? Aka roƙi masu ita da kada su tuƙa ta ko nan da can har sai an gano magani. Mutum ya biya dala dubu arba'in da wani abu, aka ba shi abin da ba a ba kowane mai mota ba, wato hutu. Wata uku da 'yan kai gimbiya tana kulle, ba ƙura, ba haɗari, ba ta kashe wa kowa ko sisi na caji. A Amurka har aka ba su motar aro, aka ce wanda ya gaji ya kawo a mayar masa da kuɗinsa. A watan Oktoba aka fito da maganin: an gyara ƙirar kusoshin, an sa musu wasa, wannan ɗan zoben ƙarfe mai huda a tsakiya da yaron bakanike ke tarawa a gwangwani. Manyan injiniyoyin Japan da ɗan zoben ƙarfe suka haɗu suka ceci sunan gida. Wane tawali'u ya kai wannan!

To, a zo ga nisan tafiya, inda masu ita suka fi baje kolin ra'ayi.

A takarda, gimbiya ba ta da rowa. Batirinta na farko yana ɗaukar yunit 71 da ɗoriya, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. A ma'aunin Turai an rubuta mata sama da kilomita 500 a caji ɗaya. A ma'aunin Amurka, wanda ya fi tsauri, an ba mai jan tayoyin gaba mil 252, kusan kilomita 406, mai jan tayoyi huɗu kuma mil 228, ko 222 idan babbar samfur ce mai manyan tayoyi. Gwajin Turai ana yinsa ne a ɗaki, a yanayi mai daɗi na digiri 23, na tsawon minti 30, gudun da bai kai kilomita 50 a awa ba idan aka daidaita, ba hita ba na'urar sanyaya. Wato a wurin da ya dace da 'yar sarauta. Laifin masu gwaji ne da suka fitar da ita waje. Ƙungiyar masu motoci ta Danmak, FDM, ta ɗauke ta a ƙarshen 2022 ta kai ta cikin sanyin digiri 4 da gudun babban titi, wadda aka rubuta wa kilomita 504 ta tsaya a 246. Mujallar Car and Driver ta Amurka ta kora mai tayoyi huɗu a gudun kilomita 120 a awa, ta ba su mil 160, kimanin kilomita 257, abin da zai ɗauki mutum daga Kano ya sauke shi Kaduna da ɗan canji a hannu. Gaskiya ne duk motar lantarki tana rage nisa a sanyi da gudu, babu wadda ta tsira. Amma sauran suna ragewa ne a ɓoye-ɓoye, kaɗan-kaɗan, irin na marasa zuciya. Gimbiya idan za ta rage, rabi take yankewa ta ajiye, kowa ya gani. Kyautar manya ba a yinta da ƙanƙanta, haka ma hanin manya.

Abin da ya fi burge ni shi ne allon da ke gaban direba, malamin da ba ya gajiya da karantarwa. Ka shigo da sassafe cikin hunturu, numfashinka yana hayaƙi, gilashi ya yi hazo. Allo ya gaishe ka da adadi mai faranta rai. Ka miƙa yatsa ka danna hita. Kafin ka janye yatsan, gomman kilomita sun ɓace daga adadin, motar ko motsi ba ta yi ba. Ka sake dannawa ka kashe, su dawo. Ka kunna, su tafi. Masu ita da yawa sun ba da labarin wannan abin al'ajabi, kuma daga nan ne tarbiyya ke farawa. Mutum ya koyi tambayar kansa kowace safiya: ɗumi nake so ko isa wurin aiki? Ya koyi sa babbar riga da safar hannu a cikin motarsa ta kansa, ya kunna abin ɗumama kujera kaɗai, ya riƙa goge hazon gilashi da gefen hannu, 'ya'ya a baya sun dunƙule cikin bargo suna koyon juriya tun suna ƙanana. Wace makaranta ce ke ba da wannan darasi a kan wannan farashi?

A farkon fitowarta, allon nan ba ya ma nuna kashi nawa cikin ɗari ya rage a batir. Wayar hannu ta naira dubu goma tana nunawa, amma waya ba ta da sirri. Gimbiya mai kunya ce, ba ta faɗin abin da ke cikinta. Sai 'yan layuka da ƙiyasin kilomita, ƙiyasin da ke sauya ra'ayi kamar yadda manya ke da ikon sauyawa. Har ila yau idan allo ya nuna sifili, akwai sauran caji mai ɗan dama da ta ɓoye a ƙasan akwati, ba ta gaya wa mai ita ba. Ka saya da kuɗinka, amma ta fi ka sanin abin da ya dace ka taɓa. Sai a 2023, da surutu ya yi yawa, aka sabunta manhajarta ta fara nuna kason, aka sassauta ƙiyasin hita. An yi wa jama'a alfarma, aka nuna musu cikin tankin motarsu.

Yanzu ga caji, fagen da darajarta ta fi bayyana. Ioniq 5 ta Koriya ta Kudu, wadda ta riga ta fitowa da shekara guda, tana zuƙar wuta daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18 idan ta samu caja mai ƙarfi. Haɗama ke nan, cin abinci a tsaye, halin wanda bai samu tarbiyya ba. Gimbiyar farko mai jan tayoyi huɗu da aka sayar a Amurka ba ta karɓar fiye da kilowat 100, kuma ko wannan ɗin sai a 'yan mintunan farko, daga nan ta fara yanga. Kusan awa guda kafin ta kai kashi 80, idan yanayi ya yi mata daɗi. Daga 80 zuwa 100 kuwa, duk wanda ya taɓa zama a motar haya a tasha ana kiran saura mutum ɗaya tun hantsi har la'asar ya san yadda abin yake. Mai ita yana zaune a filin ajiye motoci na wani kanti, ya sha shayi, ya kira 'yan'uwa, ya karanta abin da ya daɗe bai karanta ba, yana kallon motoci uku sun zo bayansa sun cika sun wuce. Su sun tafi da gaggawarsu. Shi ya samu natsuwa, abin da likitoci ke ta roƙon mutanen zamani su nema.

Idan sanyi ya yi tsanani kuwa, kamfanin da kansa ya rubuta gargaɗi cewa cajin gaggawa zai ragu sosai idan aka sauka ƙasa da digirin daskarewar ruwa, kuma yana iya ƙin yiwuwa sam idan aka kai wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Wannan mota ce da aka kai Kanada da Norwe aka sayar. Wasu motocin suna ɗumama batirinsu tun a hanya kafin su isa wurin caja, don ya karɓi wuta da sauri. Gimbiyar farko ba a ɗora mata wannan wahala ba. Ba ta kuma nuna wa direba inda zai tsaya ya yi caji a doguwar tafiya. Namiji ai da kansa yake neman hanya.

Sai kuma ƙa'idar da ta fi kowace nuna zurfin hikima. Motocin farko, idan aka yi musu cikakken cajin gaggawa kamar sau biyu a yini, sai su rage karɓar wuta da kansu, sai an bar su sun huta. Matafiyi ya tsaya karo na uku, ya soka caja, ya ga wuta tana ɗiga kamar ana ba da ita bashi. Ya sauya caja, haka. Ya ɗauka na'urar wurin ce ta lalace, alhali gimbiya ce ta ce ya isa haka, tafiyar yau ta ƙare, a nemi masauki. Daga baya an ɗaga ƙa'idar zuwa kusan sau huɗu, don jinƙai. Dalilin duk wannan kuwa abin a yaba ne: kamfanin ya ce burinsa batirin ya riƙe kashi 90 na ƙarfinsa bayan shekara 10. Kun ga amana. Batir zai daɗe, zai tsufa da ƙuruciyarsa, domin an kare shi daga babban maƙiyinsa, wato mutumin da ya saye shi.

Sauran kyawawan halaye ba sai an daɗe a kansu ba. Ba ta da ɗan akwatin nan na gaban fasinja da ake tura takardun mota, an cire, a wasu samfura an sa abin ɗumama gwiwa a gurbinsa. Ba ta da waifa a gilashin baya, don wanda ya sa gaba ba ya waiwaye. Allon direba an kafa shi can nesa, sama da sitiyari, yadda wasu direbobin sai sun sauke sitiyarin kusa da cinya kafin su ga gudun da suke yi, wato sai an rusuna kafin a gana da ita.

Mu zo ga kuɗi. A Amurka ta fara da dala 42,000. Mutanen da suka yi layi a farko, masu biyayya, waɗanda suka tuƙa Camry da RAV4 shekara da shekaru ba su taɓa jin kunya ba, suka ce tunda gidan nan ne ya yi, an gama magana. Suka biya cif. A watan Agustan 2022 Amurka ta sauya dokar rangwamen haraji, aka ce sai motar da aka haɗa a Arewacin Amurka za ta ci rangwamen dala 7,500 idan saye aka yi, gimbiya kuwa haihuwar Japan ce. Amma dokar ta bar ƙofa ga motar da aka bayar haya ta shekaru. Sai kamfanin ya buɗe hannu: a 2024 an ga wuraren da ake ba da ita haya a ƙasa da dala 200 a wata. Da samfurin 2025 ya zo, aka zabge dala 6,000 daga farashi, ƙaramar ta sauko daga 43,070 zuwa 37,070. Karamci ke nan da babu irinsa, kuma daga aljihun wa aka yi shi? Daga aljihun mai biyayyar nan na farko, domin tsohuwa ba ta iya fin sabuwa tsada. Ya kwana da dukiya, ya tashi an yi sadaka da wani yankinta a madadinsa, ba a ma tashe shi daga barci ba. A ƙasashenmu an san motar gidan nan da riƙe daraja, mutum ya yi shekaru yana hawa ya sayar bai yi kuka ba. Gimbiya ta 'yantar da masu ita daga wannan son abin duniya. Maƙwabci ya karɓi irinta haya da kuɗin da bai kai rabin abin da mai biyayyar nan yake biyan banki duk wata ba, su yi sallama da safe, kowa ya shiga tasa, launi ɗaya.

A nan ne ya wajaba a juya a yi wa talakawan gimbiya tasu jinjinar, domin sarauta ba ta tsayuwa sai da masu haƙuri. Akwai 'yan tsiraru da suka yi fushi, suka mayar, suka sauya gida. Allah ya shirye su. Amma dubi amintattu, ka saurari yadda suke yabo. Wannan ya ce shi a gida yake caji da dare, bai taɓa samun matsala ba. Gaskiya ya faɗa: cajar da ke cikin motocin farko kilowat 6.6 take ja, dare guda cur, kuma duk mai gareji da wutar da ba ta ɗaukewa zai wayi gari da cikakken batir. Wanda ke haya a bene na biyar kuwa, ai ba da shi ake ba. Wancan ya ce mota ce ta cikin gari, kai yara makaranta da zuwa kasuwa, ba a yi ta don doguwar tafiya ba. Jif ce fa, mai jan tayoyi huɗu, mai na'urar hawa tudu da ratsa laka da aka samo daga Subaru, an tallata ta a kan duwatsu da dusar ƙanƙara, amma mai ita ya gano da basirarsa cewa asalin manufarta ita ce kantin unguwa. Na uku ya ce ai suna da wata motar ta fetur don tafiye-tafiye. Madalla da motar da cikar amfaninta sai an saya mata mota! Na huɗu, wanda ya fi su duka ƙauna, ya ce mota ce mai kyau ƙwarai, amma shawararsa a karɓa haya, kada a saya. Ban taɓa jin yabon da ya kai wannan tsarki ba: ina sonta, kada Allah ya sa ta zama tawa.

Kuma dukansu suna rufewa da magana ɗaya, cewa ai Toyota ce. Suna faɗin tana da laushin tafiya, ba ƙara, kujerun baya da fili, ba canjin baƙin mai, ba fulogi, kuma duk haka ne. Sai dai abin da ya cancanci tambari shi ne aikin da motar ta yi a kan mutanen. Sauran kamfanoni suna wahalar da kansu wajen auna bukatar mai saye su ƙera mota daidai da ita. Gidan nan ya ƙera mota, sannan ya bar mai saye ya sassaƙe rayuwarsa har ta shiga ciki. Mutumin da a da yake tashi ya tafi gaida mahaifiyarsa mai nisan kilomita 400 ba tare da ya yi shawara da kowa ba, yanzu sai ya duba hasashen yanayi, ya lissafa iska, ya rage gudu zuwa bayan manyan motoci, ya tsara inda zai tsaya da inda zai tsaya idan wancan wurin ya ƙi. Da ya ga lissafin ya yi yawa sai ya gane cewa kiran waya ma zumunci ne. Ya rage tafiya, ya rage buri, ya rage ɗumi, sannan ya zauna ya shaida da zuciya ɗaya cewa motar ta biya masa dukkan bukatunsa. Ta biya kuwa, tunda ita ta zaɓi waɗanda za su rage.

A 2025 gidan ya sake nuna girmansa. Aka fito da sabuwar gimbiya, a Arewacin Amurka har aka taƙaita sunanta zuwa bZ. Batir ya ƙaru, nisa ya kai mil 314 a ma'aunin Amurka, ta koyi ɗumama batirinta kafin caji, aka sa mata bakin caja irin na Tesla don ta sha a rijiyoyin da suka fi yawa. Wato duk abin da aka ce mahassada ne ke ƙirƙira, an gyara shi ɗaya bayan ɗaya. Masu gajeren tunani za su ce to me ya hana a yi haka tun farko, tunda maƙwabta sun riga sun yi? Ba su san darajar da aka ba masu sayen farko ba. Kamfani yakan ɗauki ma'aikata ya biya su albashi su gwada masa mota a sanyi da zafi. Waɗannan bayin Allah kuwa an ɗaga su sama da matsayin ma'aikaci: su suka biya, su suka gwada, su suka kai rahoto, sannan aka ba su damar sayen sakamakon a farashin sabuwa, idan sun sayar da tasu a farashin da kasuwa ta ga dama.

Mu ma nan kada mu ɗauka an manta da mu. Motar da Amurka ta gama da ita jirgin ruwa take hawa, ta sauka Kwatano ko Legas, ta hau tirela ta yo arewa, kuma wadda darajarta ta fi saurin faɗuwa can ita ta fi saurin samun dillali nan. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk wanda aka ce masa ga motar da ba ta shiga gidan mai sai ya waiwaya, balle a ce masa tambarin gidan Hilux ne a goshinta. Dillali ba zai sha wahalar magana ba, sunan zai yi masa ciniki. Sanyin Norwe ba zai biyo ta nan ba, wannan kam an huta. Zafin watan Afrilu ne zai karɓe ta, kuma na'urar sanyaya daga batirin nan guda take sha, don haka alhaji zai samu nasa rabon na tarbiyya: ya zaɓa tsakanin gumi da isa Zariya. Bakanike zai buɗe gaba ya tarar da manyan wayoyi ruwan lemo masu ɗauke da wutar da ke kisa, ya ja da baya cikin ladabi, a aika kasuwar Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, a dawo da albishir cewa za a yi oda.

Cajin dare a gida kuwa, wanda shi ne ginshiƙin duk yabon da aka yi mata a can, zai samu cikakkiyar fassara a ƙasar da a watan Oktoban 2024 akasarin jihohin arewa suka yi fiye da mako guda ba wuta bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Amma gimbiya ba ta rasa bayi. Akwai janareto. Madaidaici mai kilowat biyu da rabi, idan aka kashe firji da fanka da fitilun gida aka bar mata shi ita kaɗai, zai cika ta cikin awa 28 da ɗoriya, kwana da wuni yana ruri a tsakar gida, yaro yana zirga-zirga da jarka tsakaninsa da gidan mai. Ranki ya daɗe, mai tsarkin da ba ta taɓa fetur da bakinta, sai dai a ƙona shi a gefe a miƙo mata ta waya.